Wa Ya Ga Aikin? Sharhi a Kan Yadda Malaman Jami'a Ke Auna Ilimin Koyo da Hannu

A shekarar 1973 ne Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda hedikwatarsa ke Jos, ya ƙirƙiro shirin da a yau kowane ɗalibin kimiyya da fasaha a Nijeriya ya sani da suna SIWES, ko kuma IT a bakin ɗalibai. Dalilin ƙirƙiro shi ba ɓoyayye ba ne. Masu masana'antu sun daɗe suna kukan cewa matasan da manyan makarantu ke yayewa suna zuwa musu da kai cike da karatu, amma hannunsu bai taɓa kama na'urar da za a danƙa musu ba. Sai aka yanke shawarar a riƙa tura su wuraren aiki tun suna ɗalibai, na jami'a ya yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha ya yi wata huɗu, domin kowa ya ga yadda abin da ya karanta yake a zahiri. Sauran fannoni ma kowanne da nasa salon: ɗalibin fannin ilimi yana da koyarwar gwaji, na aikin gona yana da shekarar da yake yi a gona, na likitanci yana da zagayen ɗakunan marasa lafiya.

Babu mai jayayya da wannan manufa, kuma wannan maƙala ba ta zo don ta soke ta ba. Abin da take son bin diddiginsa ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke jan akalar shirin gaba ɗaya: idan ɗalibi ya dawo daga watanninsa shida, malami ya ɗauki alƙalami ya rubuta masa 72 ko 58, mene ne takamaimai ya auna? Amsar da zan kare ita ce, a mafi yawan lokuta labarin aikin ake aunawa. Wanda ya ga aikin da idonsa ba shi da ta cewa sosai a makin, wanda ke da ta cewa kuma bai ga aikin ba. Shi kuwa ɗalibi ya san inda maki yake, don haka sai ya mai da hankalinsa kan gyara labari. Kuma makin nan ba na wasa ba ne. A sassa da dama nauyinsa ya kai na kwas biyu ko uku a haɗe, wanda ya isa ya ɗaga mutum daga wani ajin digiri zuwa na sama, ko ya danne shi a inda yake.

Abin da ke isa teburin malami

Abubuwa huɗu ne galibi ake haɗawa a fitar da makin: littafin da ɗalibi ke rubuta ayyukansa na kullum, wanda kowa ke kira logbuk, sakamakon ziyarar da malami ke kai masa a wurin aiki, rahoton da zai rubuta bayan ya dawo, sai kuma tsayuwar da zai yi gaban malaman sashe ya kare rahoton. Rabon makin ya bambanta daga sashe zuwa sashe, amma in aka lura, uku daga cikin huɗun nan rubutu ne ko magana.

Mu fara da logbuk. An tsara shi ne ta yadda ɗalibi zai rubuta abin da ya yi kowace rana, ya zana abin da ke buƙatar zane, a ƙarshen mako kuma wanda ke kula da shi a wurin aikin ya duba ya sa hannu ya buga hatimi. A takarda, tsarin yana da kyau. To amma duk wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan littattafai guda goma a jere ya san muryarsu ɗaya ce: an nuna mana na'ura kaza, mun kalli yadda ake kaza, an ci gaba da aikin jiya. Ba za ka taɓa cin karo da shafin da ɗalibi ya ce yau ya ɗaure waya a inda bai dace ba har fis ya ƙone, ko ya auna sinadari ya zarce aka zubar da kwano guda, ga kuma abin da ya gano daga ɓarnar ba. Dalili kuwa a fili yake. Littafin nan ubangidansa na wurin aiki zai karanta ranar Juma'a, malaminsa mai ba da maki kuma zai karanta a ƙarshe. Wane ne zai rubuta laifinsa da hannunsa ya miƙa wa alƙalai biyu? Ke nan mun tsara littafin ta yadda abin da ya fi komai koyarwa a wurin aiki, wato kuskure da gyaransa, shi ne abu ɗaya da ba zai taɓa shiga cikinsa ba. Wannan ma a ce an cike shi a kan lokaci ke nan. Sirri ne da kowa ya sani a ɗakunan kwanan ɗalibai cewa akwai masu cike na wata shida a dare uku, har akan tanadi biro kala biyu ko uku don kada tawada ta tona asiri.

Rahoto kuma ya fi logbuk rauni a matsayin shaida. Babinsa na farko tarihin SIWES ne, na biyu tarihin ma'aikatar da jadawalin shugabanninta, kuma waɗannan babi biyu gado ne da ƙanne ke karɓa daga yayye shekara da shekaru. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu daga ƙarshen 2022, sauran babin ma ba su tsira ba, domin wanda bai taka ƙofar masana'anta ba yana iya fitar da shafi arba'in masu tsafta kafin a kira la'asar. Malamin da har yau yake ɗora kaso mai tsoka na maki a kan rahoto, to ya sani yana auna abin da kowa zai iya samu kyauta.

Sai kare rahoto. Nan ne kaɗai malaman sashe ke haɗuwa da ɗalibi ido da ido a kan batun, kuma tambaya ɗaya mai kaifi tana iya bambance wanda ya je da wanda bai je ba. Amma idan ɗalibai ɗari biyu za su wuce gaban kwamiti cikin kwana biyu, kowa minti biyar ko ƙasa da haka zai samu, kuma a minti biyar abin da ke fitowa fili shi ne ƙarfin hali da santsin Turanci. A ƙaddara ɗalibai biyu na fannin faɗakar da manoma. Na farko ya yi watanninsa a ƙauye, ya zauna da manoma a gindin bishiya ya shawo kansu da Hausa har suka yarda su gwada sabon irin wake a kusurwar gonarsu, amma in ya tsaya gaban manya harshensa na sarƙewa. Na biyu ya yi nasa a ofis yana jera fayil, amma ya iya tsara hotuna a allo, maganarsa kuma kamar ana zuba ruwa. Ba sai an faɗi wanda zai fita da A ba. Abin takaicin shi ne ƙwarewar da aka tura su nema, ta shawo kan manomi, na farkon ne ya same ta, da harshen da ba a jarrabawa da shi.

Ba laifin ɗalibin farko ba ne kawai da ya kasa bayani. Masanin nan Michael Polanyi, a littafinsa na 1966, ya yi dogon nazari a kan irin sanin da ke zaune a jiki wanda baki ba ya iya fitar da shi duka, kamar yadda mai tuƙa keke ba zai iya zayyana maka yadda yake daidaita kansa ba, ko yadda mutum ke gane fuskar ɗan'uwansa cikin dubu ba tare da ya iya cewa ga alamar ba. Makaniken da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, da nas ɗin da ke samun jijiyar jariri a gwaji na farko, duk wannan sanin suke aiki da shi. Shi ne ainihin abin da aji ba ya bayarwa, shi ya sa aka tura ɗalibi waje. Sai kuma muka dawo muka ce ya tabbatar mana da ya samu ta hanyar da sanin ba ya bi.

Ziyara ɗaya, da darasin da aka shirya wa baƙo

Ziyarar malami ita ce ya kamata ta toshe wannan giɓi, tun da ita kaɗai ce lokacin da mai ba da maki ke shiga inda ake aikin. A aikace, sau ɗaya akan je a wata shida, in an je. Malami ya iso, a kai shi ofishin manaja, a gaisa, a kira ɗalibi, a buɗe logbuk, a sa hannu, a tambaye shi ko akwai matsala, ya ce babu. A wasu lokuta ma akan ce duk ɗaliban da ke gari kaza su hallara wuri ɗaya da littattafansu. Irin wannan ziyara tana tabbatar da cewa ɗalibi yana raye kuma yana garin. Ba ta ce komai a kan hannunsa ba.

Koyarwar gwaji ta fi wannan dama-dama, domin a can malami yana shiga aji ya zauna a baya ya ga ɗalibin yana koyarwa. Saboda haka ma ta fi cancantar a tsaya a kanta, don ta nuna cewa gani kaɗai bai wadatar ba, sai an san abin da ake kallo. Da zarar labari ya iso cewa mai dubawa na tafe, makaranta kan ɗauki harama. Ɗalibin malami zai zaɓi darasin da ya riga ya koyar, ya sayi kwali ya zana hoto mai launi wanda yaran ba su taɓa ganin irinsa ba tun da ya zo, ya sa rigarsa mafi kyau, wani lokaci har ya ja kunnen yara cewa in ya yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, shi ya san wanda zai kira. Mai dubawa ya zauna minti goma sha biyar ko ashirin da takardarsa mai layi-layi: tsarin darasi, gabatarwa, amfani da allo, kayan koyarwa, murya, shiga, riƙe aji. Kowane layi da makinsa. Duk abubuwan nan suna da muhimmanci, amma a lura da abin da babu shi a jerin: shin yaran sun gane? Da wuya ka ga mai dubawa ya karɓi littattafan yara biyar ya duba abin da suka rubuta makonni uku da suka wuce da abin da suke rubutawa yau, ko ya kira yarinyar da ke can ƙarshen benci ya ce ta maimaita masa abin da aka koyar da kalmominta. Alhali amfanin malami a kan yaran yake bayyana. Wanda ya gane cewa rabin ajinsa ba su iya karatu ba, ya ajiye tsarin darasinsa ya koma baya ya fara da su daga haɗa baƙi, ya yi aikin malami na gaskiya. Amma a takardar mai dubawa ya saɓa wa tsari, kuma zai rasa maki a kan haka.

John Dewey ya yi gargaɗi tun 1938 cewa ba kowane abu da mutum ya shiga ya fita ne ke zama ilimi ba, akwai gogewar da ke koya wa mutum abin da zai cuce shi. Ina ganin wannan ita ce ɓarna mafi girma a tsarin da muke kai. Matashin da ya ga cewa darasin baƙo daban, darasin kullum daban, kuma na baƙon ne ke kawo maki, ya koyi wani abu da zai bi shi har ofis: aiki shi ne abin da ake nuna wa mai dubawa.

Uzurin malamai, da inda ya tsaya

Adalci ne a faɗi halin da malaman suke ciki. Lokacin da aka fara SIWES jami'o'i shida ne kacal a Nijeriya. Yau sun haura 250, ban da kwalejojin fasaha da na ilimi da su ma ke tura nasu ɗaliban. A tsawon wannan lokaci wuraren da za a tura su ba su ƙaru daidai da haka ba, a Arewa ma raguwa suka yi. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano sun zama kango ko ɗakunan ajiya. Ɗalibi kan yi yawo da wasiƙa daga ƙofa zuwa ƙofa, a ƙarshe ya karɓi duk inda aka ce ya zo, ko da aikin bai haɗa hanya da karatunsa ba. Malami ɗaya kuma a ba shi ɗalibai da dama warwatse a jihohi, kuɗin tafiya bai taka kara ya karya ba kuma ba ya zuwa a kan kari, wasu hanyoyin ma ba a binsu da kwanciyar hankali. Ga yajin aiki, irin na 2022 da ya ci wata takwas, wanda bayansa akan matse zangon karatu har a rasa wurin numfashi. Wanda ya ce malami ya je wa kowane ɗalibi sau uku ya tsaya ya ga aikinsa, bai san abin da yake faɗa ba.

Sai dai wannan uzuri yana bayyana dalilin da ya sa malami bai ga aikin ba ne kawai. Bai bayyana dalilin da ya sa yake ba da maki kamar ya gani ba. Tazarar da ke tsakanin 68 da 71 ita ce tsakanin B da A, kuma lamba irin wannan tana ɗauke da iƙirarin cewa an auna da ma'auni mai kaifi. Mai ɗaukar aiki da ya ga A a takardar sakamako yana da haƙƙin ya ɗauka cewa wani ya tsaya ya ga yaron nan ya yi aiki da kyau. In ba a yi haka ba, gaskiya ita ce a rubuta ya halarta ya kammala, a bar lamba ga abin da aka iya aunawa.

Za a ce ai akwai makin mai kula da ɗalibi a wurin aiki, shi kuwa ya gani. Haka ne, amma dubi yadda ake karɓar shaidarsa. Ana ba shi takarda ya zaɓi tsakanin madalla, da kyau, da dama-dama a kan abubuwa irin su zuwa da wuri, ladabi da haɗin kai. Ba a taɓa zama da shi an yi masa bayanin abin da jami'a ke nema ba, ba a biyansa, kuma sau da yawa ɗalibin ne da kansa zai kai masa takardar ya tsaya a kansa har ya cike. A al'adarmu, wa zai dubi ɗan mutane da ya yi wata shida yana gaishe shi ya rubuta masa abin da zai ja shi baya? Sai kowa ya zama madalla. Malamai sun san haka, shi ya sa suke rage nauyin makin nasa. Shi ma ya san an rage, shi ya sa ba ya wahalar da kansa. Haka shaidar mutum ɗaya tilo da ya ga aikin take zubewa a tsakani.

Ma'aunin maƙeri

Abin mamaki, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan matsala, kuma masu sana'a sun daɗe da samo mata hanya. Yaron maƙeri da zuga yake farawa. Zai daɗe a kan zuga-zugi kafin a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe a kan uwar maƙera, ya daɗe a nan kafin a bar shi ya ɗaga masaba, sannan a bar shi ya ƙera ƙaramin abu, sai daga baya ya kai ga fartanya da lauje da garma. Babu ranar jarrabawa, amma kowace rana ana aunawa, kuma sakamakon awon a fili yake: abin da aka yarda ya taɓa yau wanda ba a yarda ya taɓa jiya ba. Haka abin yake a karofi, haka a shagon tela, haka a gareji. Tambayar da ke zuciyar maigida guda ɗaya ce, wato wane aiki zan iya bar masa in tafi kasuwa hankalina kwance? Kuma ba ya yi wa kansa ƙarya a amsar, domin in garmar ta karye a gona, ƙofarsa manomi zai zo, sunansa ne zai ɓaci. Ma'aunin nan amana ce, kuma mai awon yana da abin da zai rasa.

Ba ina cewa a mai da jami'a maƙera ba. Tsarin koyon sana'a yana da nasa aibin: maigida na iya riƙe yaro shekaru yana ci da guminsa, na iya fifita ɗansa, kuma babu inda za a kai ƙara. Sannan yana koyar da yadda ake yi ba tare da dole sai an san dalili ba, alhali injiniya ana so ya san abin da ya sa ƙarfe ke taurara in an tsoma shi a ruwa, don ya iya fuskantar abin da ubangidansa bai taɓa gani ba. David Kolb, wanda littafinsa na 1984 ya zama madogara a wannan fanni, ya nuna cewa aikatawa mataki ɗaya ne cikin huɗu: sai an yi, a koma a yi tunani a kan abin da ya faru, a ciro ƙa'ida, sannan a sake gwadawa da ita. Saboda haka rubutu yana da gurbinsa. Amma rubutun da zai yi wannan aiki shi ne shafi biyu ko uku a kan matsala guda da ɗalibi ya ci karo da ita, abin da ya zata, abin da ya faru, da inda karatun aji ya taimake shi ko ya gaza. Irin wannan yana da wuyar kwafa, kuma tambaya biyu a baki sun isa su nuna ko nasa ne.

Fannin da ya fi kowa ɗaukar wannan batu da gaske shi ne likitanci, ƙila don a can kuskuren awo rai yake ci. A 1990 George Miller ya kwatanta ƙwarewar likita da dala mai hawa huɗu: a ƙasa sani, sai sanin yadda ake yi, sai nunawa a gaban mai dubawa, a ƙololuwa kuma abin da mutum ke yi a bakin aiki na haƙiƙa. In muka ɗora SIWES a kan wannan dala, za mu ga mun tura ɗalibi hawa na huɗu, muna auna shi a na biyu. Tun kafin nan, a 1975, Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sikotlan sun fito da jarrabawar da ake kira OSCE, inda ɗalibi ke zagaya tasha-tasha, a kowace ya yi wani aiki na 'yan mintoci a gaban mai dubawa da ke riƙe da jerin abin da ake nema. Makarantun likitanci da dama a Nijeriya suna amfani da ita yanzu. Sannan a 2005 Olle ten Cate na Utrecht a ƙasar Holan ya kawo shawarar a daina tambayar maki nawa ɗalibi ya ci, a riƙa tambayar wane aiki za a iya danƙa masa kuma da wane irin sa ido: kallo kawai zai yi, ko zai yi ana tsaye a kansa, ko zai yi mai kula yana kusa, ko zai yi shi kaɗai, ko har ya isa ya kula da wani. Duk wanda ya san maƙera zai gane wannan tsani nan take, domin shi ne daga zuga zuwa garma.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar malami ya yi tafiyar da ba shi da kuɗinta. Sashen injiniyan lantarki yana iya zama ya fitar da ayyuka shida ko takwas da yake son duk wanda ya dawo daga IT ya iya, a ba ɗalibi da mai kula da shi jerin tun ranar farko. A maimakon kwana biyun da ake kashewa ana kallon hotuna a allo, a jera tebura a ɗakin gwaje-gwaje, kowa ya zo ya gano inda waya ta yanke, ya karanta zane, ya haɗa abin da aka warware. Ɗalibin aikin gona a kai shi gonar jami'a ya nuna cutar da ke jikin ganye, ya auna taki, ya yi wa manomi na gaske bayani da harshen da manomin ke ji. A Jamus, wanda ya gama koyon sana'ar hannu yakan yi aikin yaye ne a gaban kwamitin da ya haɗa wakilan masu ba da aiki, da na ma'aikata, da malamin makarantar sana'a. Babu abin da ya hana sashe gayyato injiniya biyu daga gari su zauna a teburin ranar. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, don haka ba za a ce hannu a ɗaure yake ba.

Wannan zai kuma sauya yadda muke kallon wurin da ɗalibi ya je. Yanzu wanda ya samu gurbi a babban kamfani mai takarda mai tambari shi ake ganin ya dace, ko da shayi ya yi ta kaiwa, wanda kuma ya ƙare a shagon naɗin kwayil a Sabon Gari ko wurin masu ƙira a kasuwar Panteka ta Kaduna sai ya riƙa jin kunyar faɗa. Alhali a can ne aka fi saurin miƙa wa yaro aiki, kuma maigidan can ya fi kowa sanin amsar tambayar amana. Ƙila ba zai cike takarda da Turanci ba, ba shi kuma da hatimi. Amma in malami ya kira shi ta waya sau biyu a wata shida, ba a gaban ɗalibin ba, ya gaishe shi da mutunci ya ce, “Maigida, cikin ayyukan nan shida, wanne kake bar masa shi kaɗai, wanne kuma har yanzu sai kana tsaye?”, zai ba shi amsa dalla-dalla cikin minti biyar, har ya ƙara masa da labarin ranar da yaron ya ƙona injin wani mai niƙa da yadda suka kwana suna sake naɗa shi tare.